Kafin a Kai Yaro Gwajin DNA

Ɗana,

Saƙonka ya iso, cewa a majalisarku an daɗe ana ja-in-ja a kan gwajin ƙwayar halitta, wanda kowa ke kira DNA, har wasu abokanka na cewa a mayar da shi doka, duk jaririn da aka haifa a gwada shi tun a asibiti kafin a yanka ragon suna. Ka ce kana son jin ta bakina. Na ji daɗi da ka tambaya, domin abin da samari ke tattaunawa a bakin titi da dare, shi ake zuwa a tarar a zauren alƙali bayan 'yan shekaru.

Ni ba na tsoron wannan ilimi. Ni'ima ce daga cikin ni'imomin da Allah ya buɗe wa mutanen zamaninku. Abin da ke damuna shi ne inda kuke son ku fara kai shi.

Bari in faro maka daga asalinsa, don yawancin masu maganarsa ba su san aikin da ya fara yi a duniya ba. A watan Satumba na 1984, wani malamin kimiyya mai suna Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila yana binciken wani abu dabam, sai ya lura cewa a cikin ƙwayoyin gado akwai wuraren da tsarinsu ya sha bamban daga mutum zuwa mutum, kuma duk abin da aka gani a jikin ɗa, ana samun rabinsa wurin uwa, rabi wurin uba. Ba a jima ba aka kawo masa shari'ar farko. Wani yaro ne ɗan asalin Ghana, haifaffen Ingila, ya je Ghana ya dawo, sai jami'an shige da fice suka ce ba su yarda shi ba ne, wai an sauya shi da wani yaron. Uwar ta yi ta faɗi-tashi, ga shi babu uban a kusa balle a gwada shi. Jeffreys ya ɗauki jinin matar da na 'ya'yanta uku waɗanda ba a jayayya a kansu, ya haɗa da na yaron, ya nuna cewa ɗanta ne, kuma ubansa ɗaya da sauran. A 1985 hukuma ta janye maganarta, yaro ya zauna wurin uwarsa.

Aikinsa na farko a binciken laifi ya zo a 1986. An yi wa 'yan mata biyu fyaɗe an kashe su a ƙauyukan da ke kusa da Leicester, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya kuma amsa da bakinsa cewa shi ya kashe ta biyun. Suka kai wa Jeffreys samfuri don ya tabbatar musu cewa shi ya kashe ta farkon ma. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, amma ba wannan saurayin ba ne. Aka sake shi. Daga nan aka ɗebi jinin maza wajen 5,000 a yankin, ba a samu kowa ba, sai da aka ji labarin wani mai gashin burodi, Colin Pitchfork, wanda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa. Aka kama shi a 1987, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988.

Ka duba da kyau. Aikinsa na farko, ya mayar da ɗa ga uwarsa. A binciken laifi kuma, ya fid da wanda bai ji ba bai gani ba daga hannun hukuma, bayan ya riga ya amsa laifi don tsoro ko ruɗewa. Kakanninmu sun kira wanzami ya yi wa jariri tsaga a fuska don in ya ɓata, ko aka kama shi a yaƙi, a gane gidansu a mayar da shi. Wannan ma tsaga ce, sai dai tana cikin jiki, Mahalicci ne ya yi ta, kuma ba ta gogewa. Ban taɓa jin wanda ya tsaga ɗansa don ya kore shi daga gida ba.

Yadda ake yinsa ba shi da wuyar fahimta. Kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum tana ɗauke da ɗauri 46 na bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. Fiye da kashi 99 cikin 100 na wannan bayani iri ɗaya ne a wurin dukkan 'yan Adam, Bahaushe da Bature da Basine. Masu gwaji suna duba wurare wajen 20 ne kawai, inda wani ɗan gajeren tsari ke maimaita kansa, su ƙirga sau nawa ya maimaita. A kowane wuri mutum yana da lamba biyu. In yaro yana da 12 da 15, uwarsa ta ba shi 12, to dole 15 ta fito daga uba. Haka za a bi wuri bayan wuri. In an dace a duka, sai a rubuta cewa yiwuwar shi ne uban ta kai kashi 99.9 ko sama. In an saɓa a wurare da yawa, sai a ce ba shi ba ne. Saɓani a wuri ɗaya tak bai isa a kore uba ba, domin lamba takan sauya da kanta tsakanin uba da ɗa, kuma ƙwararru sun san haka. Ba sai an ɗebi jini ba ma; auduga a kan tsinke da aka goga a cikin kumatu ta wadatar.

Sauƙin nan shi ne haɗarin. Mutum zai iya goga audugar a bakin ɗansa yana barci, ya aika a ambulan, bayan mako guda takarda ta zo masa ta waya, ya rushe gida da ita kafin sallar magariba.

Ilimin daidai yake, amma mutane ne ke ɗaukar samfuri, mutane ke manna suna a kwalba, mutane ke buga takarda. A Jamus 'yan sanda sun shafe shekaru suna neman wata mata da aka ga alamarta a wuraren laifi wajen 40, daga fasa shago har zuwa kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. An sa lada mai tsoka ga wanda ya gano ta. A 2009 aka gane babu wata mai laifi: alamar ta wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa audugar da 'yan sandan ke amfani da ita. Wannan a Jamus ke nan, inda ake alfahari da tsari. To ina ga shagon da ya buɗe jiya, ya rataye allo, yana karɓar samfuri ta hannun ɗan acaɓa, ba ka san ɗakin gwajin da yake aikawa ba?

Akwai kuma abin da ya wuce kuskuren hannu. A 2002, a jihar Washington ta Amurka, wata mata mai suna Lydia Fairchild ta nemi tallafin hukuma, aka gwada ta da 'ya'yanta, takarda ta ce uban ubansu ne, amma ita ba uwarsu ba ce. Aka zarge ta da zamba, aka kusa ƙwace mata yara. Kotu ta tura mai shaida ya tsaya a ɗakin haihuwa lokacin da ta haifi na uku, aka gwada jaririn, takarda ta sake cewa ba nata ba ne. Daga baya aka gano cewa jikinta yana ɗauke da alama iri biyu, domin tun tana cikin ciki ta haɗe da tagwaicinta da bai rayu ba. Irin wannan ba shi da yawa, amma yana faruwa, ga maza ma. Wanda aka yi wa dashen ɓargo kuwa, jininsa yana ɗaukar alamar wanda ya ba shi. Tagwaye masu kama ɗaya, gwajin da aka saba yi ba ya raba su. Mu kuma da muke auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙane, lambobinmu sun fi kusa da juna, don haka duk inda ake jayayya tsakanin dangi na kusa, dole a sanar da masu gwaji su ƙara yawan wuraren da suke dubawa.

Ka riƙe wannan musamman: in takarda ta ce yaro ba na miji ba ne, kafin kowa ya buɗe baki sai an gwada uwar ita ma. Ana musayar jarirai a asibiti, bisa kuskure ko da gangan, a ɗakin haihuwar da mata goma suka haihu dare ɗaya ga ƙarancin ma'aikata ga rashin wuta. In haka ta faru, matar da za a kira mazinaciya ita ce aka fi zalunta, don an raba ta da ɗanta na cikinta ba ta sani ba. Haka nan gwajin sikila da rukunin jini. Na ga gidajen da suka girgiza don an ce miji AA ne amma an haifi ɗa SS. Gwajin sikila a ƙananan wurare yakan zo da kuskure, kuma sau da yawa in aka maimaita a wuri mai inganci sai a tarar mijin AS ne tun farko.

Sai alƙaluman nan da ake yawo da su, cewa wai ɗaya cikin kowane yara huɗu ba na ubansa ba ne. Ka tambayi kanka, su wa aka ƙirga? Waɗanda suka kai kansu wurin gwaji, wato mazan da dama suna da dalilin zargi ko suna cikin rigima. Ba a bi gida-gida an gwada jama'a ba. Ko a cikin waɗannan masu zargin ma, uku cikin huɗu sun tarar zarginsu ƙarya ne, amma ba ka jin kowa yana yaɗa wannan ɓangaren. A ƙasashen Turai inda aka yi bincike a kan jama'a gaba ɗaya, ta hanyar haɗa tarihin zuriya da gwajin gado, abin da aka samu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Mai sayar da gwaji yana da riba in ka yi shakkar matarka. Kada ka bari tallansa ta zama fatawarka.

Yanzu bari in zo inda maganar ta fi nauyi a wurinmu. Kada ka ɗauka shari'a ba ta san da wannan matsala ba sai da aka ƙirƙiro na'ura. Zargi tsoho ne, kuma an kai shi gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, fiye da sau ɗaya.

Wani mutum daga ƙabilar Banu Fazara ya zo yana cewa matarsa ta haifi ɗa baƙi, alhali su ba baƙaƙe ba ne, yana kewaye-kewaye don a ba shi damar kore shi. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, da launinsu. Ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, kuma da aka nemi dalili, shi da kansa ya ce wataƙila gado ne daga can baya. Aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, ba a ba shi izinin kore shi ba. Abin da masana gado suka zo suka tabbatar ke nan bayan ƙarni da yawa, cewa siffa takan ɓuya a zuriya ta tsallake iyaye ta fito a jika. Mu ma muna cewa kama da wane ba ta wane, kuma rashin kama ma haka yake.

A shekarar buɗe Makka, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a suka yi jayayya a kan wani yaro da kuyangar Zam'a ta haifa. Sa'ad ya ce ɗan ɗan'uwansa Utba ne, ga kama nan a fili. Abdu ya ce ƙanensa ne, a gidan mahaifinsa aka haife shi. Manzon Allah ya ga kamar da idonsa, amma ya hukunta yaro na gidan da aka haife shi ne, sannan ya umurci matarsa Sauda 'yar Zam'a ta riƙa suturta kanta daga yaron. Ka ga bai musanta abin da ido ya gani ba, sai dai bai bari ya rushe nasabar yaro ba. Haka kuma a maganar Hilalu ɗan Umayya, wanda ya yi li'ani da matarsa. Bayan an gama rantsuwa an raba su, ta haifi yaro mai kama da mutumin da aka zarge ta da shi, amma ba a sake buɗe shari'ar ba.

A ɗaya ɓangaren, lokacin da masu tsegumi ke sukar nasabar Usama ɗan Zaidu don shi baƙi ne ubansa fari, wani masanin kama mai suna Mujazziz ya ga ƙafafunsu sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi, fuskokinsu a rufe, ya ce ƙafafun nan daga juna suke. Manzon Allah ya shiga wurin Nana A'isha yana murna. Ka lura da inda aka yi murna da ilimin gane kama: inda ya tabbatar da ɗa ga ubansa ya toshe bakin masu gulma. Inda aka so a yi amfani da shi a kore yaro, an ƙi.

A kan wannan turba malaman zamani suka tafi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a watan Janairu na 2002, ta duba gwajin DNA, ta yarda da shi a binciken laifuka, ban da tsayar da haddi da ƙisasi. Ta yarda da shi wajen gane yaron da ba a san nasabarsa ba, da jariran da suka cakuɗe a asibiti, da yaran da suka ɓata a yaƙi ko bala'i, da gawarwakin da ba a iya shaidawa. Amma ta hana a yi amfani da shi a kore nasabar da ta riga ta tabbata, ko a sake bincikenta, ko a gabatar da shi a kan li'ani. Ta kuma ba da shawarar kada a yi shi sai da umurnin kotu. Akwai malaman da suka ƙara da cewa in matar ce ta nemi a yi don ta wanke kanta daga zargin miji, ya kamata alƙali ya saurare ta, kuma ni wannan ra'ayi yana kwanta mini, don ya dace da ruhin abin da na ba ka labari.

Shari'a ba ta ce miji ya haɗiye abin da ya tabbata a wurinsa ba. Ta ba shi ƙofar li'ani, amma ta sa ƙofar ta yi nauyi: ya tsaya gaban alƙali da jama'a, ya rantse sau huɗu, a ta biyar ya jawo wa kansa la'ana in ƙarya yake yi, ita ma ta rantse, su rabu har abada. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ya ga ciki ko haihuwa ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ƙofar ta rufe. Wanda kuma ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce, kuma ba a karɓar shaidarsa. Duk wannan nauyi an ɗora shi ne don a kare mutum biyu da ba su da ƙarfi, mace da jariri.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da haka ba. Sashe na 165 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana ɗaukar yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa, a matsayin ɗan mijin. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta bai wa kotu ikon ba da umurnin gwaji in ana jayayya, kuma tsarin mulki ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. A Faransa kuwa, yin gwajin uba ba da umurnin alƙali ba laifi ne da ke jawo ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000. Su da ba Musulmi ba, sun ga illar da mu aka yi mana gargaɗi a kanta tuntuni.

Ɗana, ka zauna ka bi hanyar nan a zuciyarka har ƙarshenta. Ka yi gwaji a ɓoye, takarda ta ce ɗanka ne, wanda shi ne mafi yawan abin da ke faruwa. Ka ɗauka ka huta. Amma ka riga ka tsayar da matarka gaban shari'a ba ta sani ba, kuma irin wannan sirri ba ya kwana a rufe. Ranar da ta ga takardar a wayarka, me za ka ce mata? Me za ka ce wa mahaifinta, wanda ya ba ka ita amana? Magana zarar bunu ce. Yaron ma zai girma ya ji. In kuwa takardar ta zo da ɗaya amsar, kana riƙe da abin da ba ka san ingancinsa ba, ba alƙali, ba shaida, ba dattijo kusa da kai, sai fushi. A irin wannan sa'a ce ake yin abin da ake kuka da shi har tsufa. Shi kuma yaron da ka yi wa huɗuba a kunne, ka raɗa masa suna, ya koyi tafiya yana riƙe da yatsanka, me ya yi? Ka san kalmar da za a bi shi da ita a makaranta da ranar neman aurensa. Wallahi ba na so in ga jikana, ko jikan kowa, yana ɗauke da ita saboda takardar da ubansa ya saya a ɓoye.

Akwai wani gefen da abokanka ba su cika ambata ba. Ga duk namiji ɗaya da aka liƙa wa ɗan wani, ka ƙirga matan da aka saka da ciki, miji ya ce ba nasa ba ne don ya tsere wa ciyarwa, da 'yan matan da aka yaudara ko aka yi wa fin ƙarfi, mai laifin ya sha rantsuwa ya koma harkarsa. Maganar nasaba a irin wannan ta malamai ce da alƙalai, amma sanin wanda ya aikata, wannan gwajin yana iya yi, kuma nan ne nake so in ji muryar matasa ta tashi.

Tunda na ambaci fyaɗe, ga abin da nake so ka sani ka kuma sanar da na gida. In Allah ya jarrabi wata da wannan, abin da zuciya ke fara cewa shi ne a yi mata wanka, a wanke tufafin, a rufa asiri. Wankan nan yana tafiya da shaida. A kai ta asibiti tukuna, cikin kwana 3, gwamma ma a ranar, domin a lokacin ne ake samun alamar mai laifi, kuma a lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Tufafin a sa su cikin takarda, ba leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Haka wurin da aka yi kisa ko fashi: jama'a su ja baya, kada a taɓa wuƙa, kada a share jini. Amma ka kuma sani, samun alamar mutum a wuri yana nuna ya taɓa wurin ne ko wani abu ya kai ta, bai nuna yaushe ko don me ba. Alƙali ne zai haɗa ta da sauran shaidu.

Buƙatarmu ta gaskiya tana wurin ɓatattu da matattu. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da rajistar mutane sama da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, galibi a arewa maso gabas, da yawansu yara ne lokacin da aka rabu da su. A 2019 'yan sandan Kano sun gano yara 9 da aka sace aka kai jihar Anambra aka sauya musu suna. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara 2, bayan shekara 5 da me uwarsa za ta shaida shi, in ya manta yarensa ya manta fuskarta? A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, mutum sama da 150 suka rasu, da yawa sun ƙone ba a gane su, aka binne su tare. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma ɗaukar ɗan samfuri daga kowace gawa, a sa wa kabari lamba, ba zai jinkirta ta da komai ba. Amma da shi ne matar da mijinta bai dawo ba za ta san takaba za ta yi ko jira, da shi ne za a san ko a raba gado.

Wasu sun yi mun gani. A Bosniya, bayan kisan maza da samari Musulmi wajen 8,000 a Srebrenica a watan Yuli na 1995, makasan sun tone kaburbura da motocin haƙa sun warwatsa ƙasusuwa don ɓoye laifi, har ana samun sassan mutum ɗaya a ramuka dabam-dabam. Da jinin dangi da ƙasusuwan aka gano kusan 7,000, aka yi musu sallah da sunayensu. A Ajantina, kakanni mata da sojoji suka kashe 'ya'yansu suka sace jikokinsu tsakanin 1976 da 1983 sun matsa har aka kafa rumbun ajiyar bayanan gado a 1987, kuma an gano jikoki sama da 130. Mu nan, da jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni 2012 da mutum 153 a cikinsa, sai da aka aika samfura ƙasar waje, iyalai suka yi ta jira makonni kafin a ba su gawa. Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin DNA a 2017, aka lalata ta a tarzomar Oktoba ta 2020. Arewa, inda ɓatattun suka fi yawa, ita ta fi kowa buƙatar irin wannan cibiya.

Saboda haka in ka koma majalisarku, ka gaya wa abokanka cewa in doka suke so, su nemi wadda za ta kafa ɗakin gwaji na hukuma, da ƙwararru, da rajistar iyalan da ke neman nasu, da hukunci a kan masu gwaji ba lasisi. Su tambayi 'yan majalisar da suka zaɓa.

Kai kuma, in wata rana shaiɗan ya jefa maka wani abu a zuciya game da iyalinka, ko wani ya kawo maka tsegumi, kada ka taɓa bakin yaro da auduga a ɓoye, kada kuma ka furta wa matarka kalma ɗaya cikin fushi. Ka zo wurina tukuna, ko wurin malamin da ka yarda da iliminsa da riƙon sirrinsa. In abin ya kai a je gaban alƙali, ni da kaina zan raka ka, a kira waliyyinta, a yi komai da saninta.

Ka gaishe mini da ita da yaran. Allah ya yi muku albarka.